Furfura dole ce, giɓi ba dole ba ne

Idan aka je gaida dattijo a ƙasar Hausa, akwai tambayoyin da kowa ya haddace: ina kwana, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki, yaya ido, yaya gwiwa. Ba a cika jin wanda ya tambayi tsoho lafiyar bakinsa ba. Dalili kuwa shi ne jama'a sun daɗe da yanke hukuncin cewa zubewar haƙora wani sashe ne na tsufa, kamar furfura da rage gani, don haka babu abin tambaya a ciki balle abin nema wa magani. Wannan hukunci kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin tsofaffi da yawa da shi suke rasa abincinsu da maganarsu da zamansu cikin mutane. Gaskiya ne shekaru suna cin saman haƙori, suna rage masa fari, amma ba su ke tumɓuke shi ba. Abu biyu ne ke tumɓuke haƙoran akasarin mutane, watau ruɓewa da ciwon dasashi, kuma dukansu cututtuka ne masu sanadi, masu rigakafi.

Labarin waɗansu dattawa biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ya isa misali. An haife su a wani ƙauye na ƙasar Tasawa tun kafin samun mulkin kai na 1960, shekara 4 ce tsakaninsu. Babban ya yi karatun allo, ya bi wani kawunsu zuwa Maraɗi, ya fara da awon gyaɗa a zamanin da gyaɗa ke riƙe da garin. Da farin 1973 da 1974 ya karya wannan sana'a, sai ya koma fataucin kaya tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, sunan Alhaji ya bi shi. Ƙaramin kuwa shi aka kama aka kai lakwal, a lokacin da iyaye ke ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu don gudun karatun nasara. Ya zama malamin makaranta, ya yi aiki a ƙauyukan Tawa, ya yi a Yamai, ya ajiye aiki a Damagaram, inda har yau ba a kiransa da wani suna sai Mushe. Ruwan rijiya ɗaya suka sha, fura ɗaya aka dama musu. Amma a shekarar da Mushe ya cika 74 yana da haƙora 27 a bakinsa, wansa kuwa 11 suka rage masa cikin 32 da Allah ke ba baligi, waɗansunsu ma suna girgiza.

Mai neman inda hanyarsu ta rabu sai ya fara duba butar shayi. A rumfar Alhaji ba a sauke ta daga gawayi tun hantsi har la'asar sakaliya. Duk baƙon da ya zo sai an ɗora sabo, a sha na fari, a sha na biyu, a sha na uku, kowane ya fi na bayansa zaƙi, kuma ba ya yiwuwa mai rumfa ya bar baƙo ya sha shi kaɗai. Ga goro a aljihu, ga taba gari da kanwa a ƙarƙashin leɓe. Mushe kuwa albashi ne ya yi masa iyaka. Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990, lokacin da ake haɗa watanni ba a biya ba, sannan aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, ya san sukari ba abin wasa ba ne a gidan ma'aikaci. Finjali ɗaya da safe, shi ke nan sai gobe. Abin da ya ɗauka ƙunci ne a wancan lokaci, ashe yana yi masa tanadi.

Yadda sukari ke ɓarna kuwa sananne ne ga masana. A kan haƙoran kowane mutum akwai wata dauɗa mai yauƙi, fara, wadda ke taruwa dare da rana, cike da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sai ƙwayoyin nan su ci, su fitar da tsami mai narkar da ɓawon haƙori. Tsamin yakan ɗauki wajen rabin awa yana aiki kafin miyau ya kashe kaifinsa, ya fara mayar wa haƙorin abin da ya rasa. Saboda haka ba yawan sukarin kaɗai ne abin dubawa ba, har da sau nawa yake shiga baki a yini. Wanda ya sha zaƙinsa tare da abinci sau biyu ko uku ya bar wa miyau lokacin gyara. Wanda ke kurɓa daga safe zuwa yamma kuwa, kamar mai ginin da ruwa ke dukan katangarsa ne bai bar shi ya yi yaɓe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, watau kimanin gram 50, kuma in an iya rage shi zuwa gram 25, wajen cokalin shayi 6, ya fi. Mai rumfar da ke karɓar baƙi biyar a yini ya wuce wannan tun kafin azahar.

Abu na biyu da ya raba su shi ne goge baki. Mushe bai taɓa cewa shi ya fi wansa hankali ba. Abin da yakan faɗa shi ne kunya ce ta tsare masa haƙora. Shekara da shekaru, kowace safiyar Litinin, yakan jera yara a bakin aji ya duba farcensu da kansu da haƙoransu, wanda aka samu da ƙazanta a kore shi gida ya wanko. Malamin da ke yin haka ba zai yarda yara su ji warin bakinsa ba. Sai ya zame masa jiki: aswaki a kowace alwala, buroshi da man goge baki da safe da kuma daren kafin ya kwanta. Alhaji shi ma ba ya rabuwa da aswaki, domin sunna ce da kowane musulmi ya sani, sai dai nasa yakan tsaya ne a haƙoran gaba, yana taunawa yana ciniki. Turamen ciki, da bayan haƙora ta wajen harshe, da gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, ba su san ana yi ba.

A nan ne ciwon dasashi ke samun ƙofa. Dauɗar da ba a cire ba takan sha gishirin da ke cikin miyau ta daskare ta zama kamar dutse, wanda aswaki ko buroshi ba sa iya ɓamɓarewa sai likita da ƙarfensa. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini in an taɓa shi. Mutane da yawa in sun ga jini sai su daina goge wurin don kada su fama, alhali jinin yana nuna wurin ne ya fi bukatar gogewa. In aka bar shi haka, sai cutar ta gangara ta riƙa cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori, a hankali, shekara goma, shekara ashirin, ba tare da wani zafin kirki ba. Dasashi ya ja baya, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, ya fara motsi, kamar dirkar rumfar da ruwa ya zaizaye gindinta: itacen lafiyarsa lau, ƙasar ce ta tafi. Ran da ya faɗo a cikin lomar tuwo sai a ce tsufa. Taba, ta sha ko ta ci, tana ƙara wa wannan cuta gudu, tana hana dasashi warkewa. Ciwon sukari kuma, wanda Alhaji ya gano yana da shi bayan ya wuce shekara 60, abokin tafiyarta ne: sukarin da ya hau a jini yana raunana dasashi, dasashi mai ciwo kuma yana wahalar da saukar sukarin.

Duk wannan ya faru a gaban iyali babu wanda ya lura, domin ba a leƙa bakin maigida. Abin da aka gani shi ne Alhaji ya rame, babbar riga ta yi masa yawa. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida bayan magariba. Shi da ke jan salla a masallacin unguwa in liman bai zo ba, sai ya riƙa tura wani gaba. Waɗansu suka ce ciwon sukari ne ke cinsa, waɗansu suka ce baƙin cikin kasuwa ne, wata tsohuwa a dangi ta ce a nemi taimako, jifa ne. An sayi magungunan ƙarin jini, an yi rubutu, an yi sadaka.

Da Sallar Layya Mushe ya zo daga Damagaram. Kwana biyu yana kallon wansa: an kawo hanta ya miƙa wa jikoki, an kawo gasasshen haƙarƙari ya ce ya ƙoshi, daga baya aka shigar masa da kunu da fura mai sukari ɗaki, ya sha shi kaɗai. Da dare, bayan kowa ya watse, Mushe ya matso da tabarmarsa.

"Yaya, tun jiya ban ga ka sa nama a baki ba, alhali ragunan nan kai ka saye su."

"Tsufa ne, Mushe. Kai ma yana nan tafe gare ka."

"Shekara 4 ce tsakaninmu, Yaya. Ni kuwa ɗazu ka ga abin da na yi wa ƙashin nan. In tsufa ne, ai da mun raba shi tare."

Alhaji ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da bai faɗa wa matansa ba. Ya ce ya kusa shekara biyu ba ya iya tauna komai mai tauri. Ya ce haruffa sun fara kuɓuce masa in yana karatu, sin da sad sun zama abu ɗaya, shi ya sa ya bar jan salla. Ya ce wata rana wata jikanyarsa, cikin wasan nan na kaka da jika, ta toshe hanci ta ce angon nata bakinsa na wari, kowa ya yi dariya har da shi, amma tun daga ranar yake juya fuska in zai yi magana da mutane. Mushe ya ce: "To, Yaya, ka kai ido likita, ka kai jini likita, me ya hana ka kai baki?" Alhaji ya ce: "Gidan likitan haƙori ai cirewa kawai suke yi. Nawa suka rage da zan kai a ƙarasa?"

Wannan tsoro ba na Alhaji kaɗai ba ne, kuma yana da tushe. Likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, mafi yawansu kuma a Yamai suke, sauran a manyan asibitocin birane. Mutum ba ya zuwa sai kunci ya kumbura, a lokacin kuwa sau da yawa ba abin da ya rage sai cirewa. Daga nan sai ya dawo ya ba da labari cewa cirewa ce kawai aikinsu, na bayansa su ƙara jinkiri. Da an je da wuri, ƙaramin rami cikewa ake yi, dutsen gindin haƙori kankarewa ake yi, haƙorin ya ci gaba da aikinsa.

Da ƙyar Mushe ya shawo kansa suka tafi bayan salla. Likitar da ta duba shi ta ce 4 daga cikin 11 ɗin nan ba su da sauran ƙashi, zamansu ma ruɓa yake zubawa cikin jiki, sai an cire. Sauran 7 kuwa ana iya ceto su. Sannan ta tambaye shi ko bakinsa na bushewa. Ya ce ƙwarai, har cikin dare yakan farka harshe ya manne, shi ya sa ba ya rabuwa da alawar minti a aljihu. Ta tambayi magungunan da yake sha, ya zazzage mata: na hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, da na sukari, da na mura da yakan saya a kan tebur. Ta bayyana musu cewa magunguna da yawa da tsofaffi ke sha, musamman waɗansu na tansiyo masu sa fitsari, da na mura da ƙaiƙayi, da na barci da damuwa, suna rage miyau. Miyau kuwa shi ne mai gadin baki: shi ke wanke saura, shi ke kashe tsami, shi ke gyara ɓawon haƙori. In ya ƙafe, sai ruɓewa ta faɗa wa saiwar da dasashi ya bari a fili, wadda ba ta da ɓawo mai ƙarfi irin na saman haƙori. Alawar da yake tsotsa don jiƙa baki kuwa, mai ce yake zuba wa wuta. Ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya daina maganin tansiyo da kansa, sai dai ya gaya wa likitan da ya rubuta masa, ko akwai wanda za a musanya. Ta ce ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ya kurkure baki bayan kowane ci, ya bar alawa.

Da aka zo maganar man goge baki, ta ce ya nemi wanda ke da sinadarin fuliwo a ciki. Alhaji ya ɗaga kai ya ce: "Ba shi ne ya lanƙwashe ƙafafun yaran Tibiri ba?" Tambaya ce ta mutumin Maraɗi, kuma tana da hujja. A Tibirin Gobir, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka riƙa sha tun tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da wannan sinadari fiye da kima, ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya nakasa ƙasusuwansu, abin da har yau ba a manta ba. Amma amsar tana cikin ma'auni da hanyar shiga. OMS ta sa iyakar fuliwo a ruwan sha a kan miligram 1.5 a kowace lita, domin ruwa haɗiye shi ake yi kullum, yana taruwa a ƙashin yaro mai girma. Na man goge baki kuwa a kan haƙori yake aiki, yana ƙarfafa ɓawonsa, sannan a tofar. Gishiri ma ɗan kaɗan ke gyara miya, tulinsa ke ɓata ta. A 2021 OMS ta sa man goge baki mai fuliwo cikin jerin magungunan da ba a rasa su a kowace ƙasa. A jikin kwalin akan rubuta adadinsa, wanda ya dace da babba shi ne tsakanin 1000 da 1500 ppm. Ƙa'idar amfani da shi kuwa mai sauƙi ce: sau biyu a yini, minti biyu kowane karo, da buroshi mai laushi, na daren shi ne mafi muhimmanci domin miyau yana raguwa cikin barci. In an gama a tofar, kada a bi da kurkura mai yawa, don sinadarin ya samu zama.

Ba a ce a jefar da aswaki ba. Aswaki mai ɗanyen kai, na dogon yaro ne ko irin wanda alhazai ke kawowa daga Makka, yana cire dauɗa sosai in an bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, daga dasashi zuwa baki, a kuma riƙa yanke kan da ya tsufa. Abin da ba shi da shi shi ne isasshen fuliwo, kuma yana wuyar kaiwa bayan turame. Don haka aswaki da rana, buroshi safe da dare, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa. Abin da ya kamata a bari shi ne dirza haƙori da gawayi ko toka ko yashi, domin farin da suke kawowa na ɗan lokaci ne, ɓawon da suka kankare kuwa ba ya tsirowa.

Haka nan akwai dabarun da ake yi in haƙori ya tashi da dare, waɗanda Alhaji ya gwada kusan dukansu. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona naman take yi. Ɗiga turare ko ruwan batir a ramin haƙori ganganci ne da kan jawo babban rauni. Kanumfari yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya cike rami, kuma haƙorin da ya daina ciwo da kansa ba lalle ya warke ba ne, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu, ruɓa na taruwa a ƙasa. Mai cire haƙori na bakin kasuwa, wanda ke amfani da ƙarfe ɗaya ga mutum goma, yana iya sa wa mutum ciwon hanta ko sida a kan kuɗi kaɗan. Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su: kumburin fuska ko na ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya, ko kasa buɗe baki. Sannan duk gyambo ko farin tabo ko jan tabo a harshe ko kunci ko leɓe da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, lalle likita ya gani, musamman ga mai cin taba, domin da haka cutar kansa ta baki ke farawa, kuma wadda aka kama da wuri ita ake iya magani.

Bayan dasashin Alhaji ya warke aka auna masa haƙoran roba masu cirewa. Su ma da nasu sharuɗɗa: a cire su da dare a wanke da buroshi, a ajiye cikin ruwa mai tsabta, a goge dasashi da harshe da sauran haƙoran asali. Kwana da su a baki yana kawo farin ƙurajen ganɗa, kuma ga tsoho mai rauni ƙwayoyin cutar da ke taruwa a kansu suna iya bin numfashi su sauka huhu. In sun fara gurzar wuri a koma a gyara, kada a daure. Waɗanda ake mannawa da gam a kasuwa kuwa, ba sa fita balle a wanke ƙarƙashinsu, sukan ruɓar da na kusa da su.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin gida ɗaya ne. To, akwai ƙasar da ta gwada abin a kan al'umma ɗungum. A 1989 hukumomin lafiya na Japan tare da ƙungiyar likitocin haƙorinsu suka ƙaddamar da wani shiri mai suna 8020, ma'ana mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na asali, domin da 20 ana iya tauna kusan kowane irin abinci. Lokacin da aka fara, waɗanda suka cika wannan sharaɗi ba su kai 1 cikin 10 ba. A binciken 2016 sun wuce rabi. Tsufa bai canza ba a Japan cikin waɗannan shekaru, kulawa ce ta canza. A duniya baki ɗaya kuwa, rahoton OMS na 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan baki suna damun mutane kusan biliyan 3.5, kuma kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya. Nijar ba ta da kuɗin Japan ko yawan likitocinta, wannan gaskiya ne. Amma inda magani ya yi nisa, nan ne rigakafi ya fi daraja, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa gyaran ɗigon rufi ya fi sauƙi a kan sake kayan da ruwa ya jiƙa. Ma'aikaci kuma, da ya kai bakinsa a duba sau ɗaya a shekara tun yana karɓar albashi, da bai kai kuɗin fanshonsa wajen sayen na roba ba.

Akwai waɗanda suka fi Alhaji shiga wannan hali ba a ji muryarsu ba, su ne tsofaffin mata. An saba cewa kowace haihuwa da haƙorinta take tafiya, alhali jariri ba ya zuƙe haƙorin uwa. Abin da ke faruwa shi ne dasashin mai ciki yana saurin kumbura, in ba a kula ba cutar ta zauna. Jan goro da fure yana rufe ruɓewa ido bai gani ba. Tsohuwa takan koma kunu da farau-farau shekaru, ta bar nama da ƙuli da zogale da wake, jiki ya yi ta raguwa, ƴaƴanta na cewa Inna ba ta son abinci. Haka nan tsohon da shanyewar jiki ta kwantar, ko wanda hannunsa ke rawa: ana yi masa wanka, ana canza masa shimfiɗa, ana manta bakinsa. Mai jinya ya ɗaga masa kai, ya goge masa da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta safe da dare. Wanda yatsunsa suka ƙage a naɗa wa mariƙin buroshinsa tsumma ya yi kauri, ya ji daɗin riƙewa. Wannan ma yana cikin kyautata wa iyaye.

Yau Alhaji yana da haƙora 7 nasa, sauran na aro ne. Abin da ya tafi ya tafi, ƙilishi da rake sun fi ƙarfinsa har abada, kuma ya sha wuya wata biyu kafin harshensa ya saba da baƙon da aka sa masa. Amma yana cin dambun nama da tsiren da aka yanka ƙanana, jikinsa ya fara dawowa, awon sukarinsa ya fi na da daidaita. Taba ya bar ta da ƙyar. Shayi bai bari ba, sai dai ya tsaya ga finjali ɗaya bayan abinci, abokan majalisa na yi masa ba'a wai ya zama ma'aikaci da tsufansa. Ya koma sahun gaba, wani lokaci har ya ja salla.

Ƴaƴansa maza uku ne ke riƙe da rumfar yanzu, babbansu ya ba shekara 50 baya, kuma butar shayin tana nan a kan gawayi kamar yadda suka gada. Kwanan baya ya tara su, ya ciro haƙoran robar ya ajiye a gabansu a kan faranti, abin da bai taɓa yi a gaban kowa ba. Ya ce: "Ku duba da kyau. Na bar muku rumfa, na bar muku gidaje, wannan ne kaɗai ba na so ku gada." Biyu daga cikinsu sun je an duba su a wannan watan, na ukun yana cewa sai kasuwa ta lafa.

Allah ya ba iyaye tsufa mai albarka, ya ba ƴaƴa ikon kula da su, amin.